Wa Ya Ce Na Kafin Yaƙi Ne? Sharhi Kan Masu Farfaɗo Da Tsofaffin Kekuna

Wani yayi ya shigo cikin 'yan shekarun nan, wanda duk mai waya a hannu ya ci karo da shi. Bidiyo ne na minti biyu ko uku. Za a nuna maka tsohon keke an jawo shi daga zaure ko daga bayan rumbu, ya sha ƙura, tayoyi sun ruɓe, sirdi ya tsage. Sai hannuwa su shigo, ba a nuna fuska. A kwance shi ɗaiɗai, a sa injin gurza ya cinye tsatsa har ƙarfe ya yi fari tas, a fesa fenti, a ɗaura sababbin kaya masu ɗaukar ido, kiɗa na tashi a ƙasa-ƙasa. A ƙarshe a jingine shi jikin bango yana walƙiya, a rubuta cewa wannan Rali ne na asali, na kafin yaƙin Hitila. Wani ma har shekara yake yankawa, ya ce 1935, sai ka ce a gabansa aka ƙera.

Irin waɗannan bidiyoyi suna iso mana nan Libreville ta WhatsApp daga Kano da Maraɗi da Yawunde, yanzu kuma samarinmu na nan sun fara kwaikwayo. Masu sauraron shirina sun sha turo mini, wasu don su ji ko gaskiya ne, wasu kuma saboda an yi musu tallar irinsa. Shi ya sa na ga ya dace a yi wa abin sharhi kamar yadda ake yi wa littafi ko fim, tunda shi ma aiki ne da ake shimfiɗa wa jama'a, kuma yana ɗauke da da'awa.

Hannun masu aikin ba abin rainawa ba ne. Mutumin da zai ɗaure wilin baya mai sifok arba'in ya zauna daram ba ya rawa, ko ya miƙe sandunan birkin da suka lanƙwashe har su kama daidai, ya san sana'arsa, Allah ya ƙara basira. Inda muka raba hanya shi ne wurin rubutun nan na ƙarshe. Abu na farko da ake cusa wa ɗalibin aikin jarida shi ne ya tambayi mai magana, ina ka samo? A cikin bidiyoyin nan ba wanda ke amsa wannan tambaya. Mafi muni ma, abubuwan da za su iya amsa ta, su ne injin gurza ke fara cinyewa a daƙiƙa talatin na farko, mu kuma muna tafi.

Kada a ɗauka maganar 'yan gayu ce kawai. Magajin da aka raina wa keken kakansa ya sayar a kuɗin ƙarfe an cuce shi. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi Phoenix da aka liƙa wa tambarin Raleigh shi ma an cuce shi. Sannan akwai asarar da ba ta da mai kai ƙara, wato ta shaidar yadda iyayenmu suka yi tafiya da fatauci.

Idan aka ce kafin yaƙi, ana nufin kafin watan Satumba na 1939. A lissafinmu na gida, keke ne sa'an Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun wannan shekara, ko ma ya girme ta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun talaka, kantunan Turawa suka cika da kaya, keke na cikinsu. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa duk suka hau, har ya samu sunaye a bakinmu: keke, basukur, laulawa, dokin ƙarfe. Raleigh ya koma Rali, Humber ya koma Hamba. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, sai da ya yi wa keke waƙa sukutum. Abin da ya shiga harshe ya shiga waƙa haka, ya wuce a ce kayan Bature ne da muka ara.

To amma kekunan da suka cika garuruwanmu ba na wancan zamani ba ne. Mafi yawansu na bayan yaƙi ne, na shekarun 1950 zuwa 1980, har da waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Raleigh ta Kano. Daga nan na Sin da na Indiya suka mamaye kasuwa: Flying Pigeon da aka fara a Tianjin a 1950, Hero na Ludhiana daga 1956, Phoenix na Shanghai daga ƙarshen shekarun 1950. Dukkansu siffar baƙin keken Ingila suka ɗauka, taya mai inci 28, birkin sanda, gidan sarƙa, kariya a baya. Siffar ta kwashe shekaru fiye da sittin kusan ba ta sauya ba. Wannan ne ya sa ido kaɗai ba ya raba gardama, kuma a nan mai jabu ke samun wurin ɓuya.

Nan Libreville lamarin ya fi tsauri. Garin bai taɓa zama garin keke irin Kano ko Katsina ba. Tuddai ne da kwaruruka da ruwan sama da tasi. Keken da aka fi sani a nan shi ne na tsere, musamman tun da aka fara gasar Tropicale Amissa Bongo a 2006. Ruwan da ke sauka a shekara ya kusa mita uku, ga iskar teku mai gishiri. Ƙarfen da zai shekara hamsin a zauren Kano bai yi komai ba, a nan damina kaɗan ta ishe shi ya zama gari. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da na kafin yaƙi har uku a ɗakin ajiyarsa bayan kasuwar Mont-Bouët, ka gyara zama ka yi masa tambayoyi.

Duk da haka 'yan kaɗan ɗin da suka tsira a nan sun fi na ko'ina daɗin karantawa, don jini biyu ne suka haɗu a jikinsu. Gabon ƙasar mulkin Faransa ce, kayan Faransa suka fi yawa: Peugeot mai tambarin zaki, da Hirondelle da kamfanin Manufrance na Saint-Étienne ke sayarwa ta littafin talla ana aiko wa mutum har inda yake. A lokaci guda kamfanonin Ingila irin su John Holt da Hatton & Cookson sun daɗe suna ciniki a wannan gaɓa tun ƙarni na 19. Ga kuma fataken Hausawa da suka gangaro ta Garwa da Ngaundare da Yawunde, suka ƙetara ta Ambam zuwa Bitam da Oyem, wasu suka ƙaraso bakin teku. Duk abin da ya bi wannan hanya, ya ratsa ƙasar awon Ingilishi ya shigo ƙasar awon Faransanci, kuma ƙarfe ba ya mantawa.

Mu fara da tambari, tunda shi masu bidiyo suka fi so su haska. Na Raleigh kan zalɓe ne, na Rudge tafin hannu, na BSA bindigogi uku a jingine, na Phillips zaki. Tambari ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ƙusoshi biyu ko uku ke riƙe da shi, kuma sababbi fil ana sayar da su a intanet. Shi ne shaida mafi rauni a jikin keke. Amfaninsa yana wurin sunan garin da aka rubuta. Raleigh a Nottingham yake tun shekarun 1880, kuma ya yi ta haɗiye abokan gasarsa ɗaya bayan ɗaya: Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 shi ma ya haɗe da kamfanin Tube Investments, mai Phillips da Hercules, aka maida ƙera waɗannan Nottingham. Ashe ke nan Rudge ɗin da tambarinsa ya ce Nottingham ba zai taɓa zama na 1935 ba, domin a lokacin Coventry yake. Hercules na da, ɗan Birmingham ne. Wanda ya ce Nottingham ya zo bayan 1960. Na ga bidiyon da aka haska irin wannan tambari da kyau, ga sunan garin ƙuru-ƙuru, a ƙasa kuma an rubuta shekarar da tambarin da kansa ke ƙaryatawa.

Shaidar da ta fi tambari ƙarfi a ɓoye take, cikin zaren noti. Kamfanonin Ingila sun yarda da zare 24 a kowane inci a gidan boris na feda da na wuyan keke. Raleigh ya ƙi, ya yi nasa 26. Bambancin ido ba ya gani, amma hannun tsohon mai gyara ya san shi: kofin boris na wani kamfani zai shiga zagaye biyu ko uku a jikin Rali, sai ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ɗauko babbar sufana ya matsa da ƙarfi, ya cinye zaren da ya shekara tamanin lafiya lau. Wannan ɓarna ba ta fitowa a bidiyo, sai bayan wata uku mai keke ya ji feda na ƙara tana sako-sako. Haka kuma kafaɗar fok, inda ƙafafun gaba biyu suka haɗu: ta Raleigh bututu ce a kwance, da ɗan lotsawa mai sheƙi a kowane gefe. Humber kuwa an san shi da fok mai sanduna biyu-biyu a kowace ƙafa. Waɗannan sun fi wuyar ƙirƙira fiye da tambari, ko da yake masu kwaikwayo sun gwada.

Na Faransa kuma duniyarsu daban, da milimita suke awo. Zaren fedarsu ya ɗan fi na Ingila sirantaka, shi ya sa fedar Faransa ke rawa a hannun feda na Ingila, ta Ingila kuma ta shiga kaɗan a na Faransa ta tsaya. Kota ta Ingila milimita 9.5 ce, ta Faransa 9. Rabin milimita ke nan, amma shi ke raba keken da ke tafiya shiru da wanda ke ƙwas-ƙwas duk taku.

Sai ƙyalli, wanda a nan ne masu bidiyo suka fi yin ta'adi. Kafin wajajen 1930, ruwan nikel ake yi wa kan keke da sandunan birki da ƙararrawa. Daga baya kurom ya karɓe. Nikel yana da ɗan ɗumi a ido, ya karkata wajen rawaya, in ya tsufa ya dusashe kamar tsohuwar azurfa. Kurom fari ne mai sanyi, ya karkata wajen shuɗi. A shekarun yaƙi kuma ƙarafan nan suka yi tsada, aka riƙa fitar da kekuna da kai da birki a shafe da baƙin fenti. Ka ga ke nan launin ƙarfe kaɗai yana iya gaya maka ko keke ya girmi 1930, ko ɗan cikin yaƙi ne. Mai gurza da ya kankare wannan ya kai aka yi masa sabon kurom, ya yi daidai da wanda ya samu tsohon kundi ya ga tawadar ta koɗe, sai ya wanke takardar ya sake rubutawa da biro.

Fenti ma haka. Baƙin da ke jikin tsohon Rali tsoma shi aka yi aka gasa, shi ya sa yake da zurfi, a kansa kuma aka ja siraran layukan ruwan zinariya, da rubutun kamfani mai cewa keken duk na ƙarfe ne. Ko da kashi ɗaya cikin uku ya rage, ya fi sabon feshi daraja, domin salon rubutun da wurin da aka sa shi suna sauyawa daga zamani zuwa zamani, masana kuma da su suke kwatance. Lambar firam, wadda a tsofaffin Raleigh ake bugawa a mahaɗar da ke ƙarƙashin sirdi, ita ma fenti mai kauri na cike ta. Ban taɓa ganin mai bidiyo ya tsaya ya haska lambar nan kafin ya fesa ba. Daƙiƙa biyar ce za ta ci masa.

Akwai wuri ɗaya da keke ke faɗin shekarunsa da bakinsa, wato cibiyar wilin baya in mai giya ce. Kamfanin Sturmey-Archer, wanda ya fara giya uku a cikin cibiya a 1902, ya fito da samfurin AW a 1936, kuma yana buga shekara a jiki. A ƙarshen shekarun 1930 lamba ɗaya ce bayan haruffan, AW da 8 na nufin 1938. Bayan yaƙi aka koma buga lambobi biyu na shekara da lambar wata. Ka goge maiƙon da tsumma da kananzir, za ka gani. A 1936 ɗin dai suka fito da cibiyar gaba mai ba da wutar fitila, Dynohub. Abin sauya giya na da kuwa a kan sandar firam yake, gaban sirdi, kafin a maida shi kusa da yatsa a kan keke. Marubuci Tony Hadland ya yi littafi guda a kan tarihin wannan kamfani a 1987, masu tara kekuna a Turai da irinsa suke aiki.

Sai dai fa wili abu ne da ake sauyawa, cibiyar 1938 na iya zama a firam ɗin 1965. Sannan akasarin kekunan da aka kawo ƙasashenmu ba su da giya ko ɗaya, firiwil ne kawai, don shi ya fi arha ya fi jure wahala. Wato makullin da Bature ya fi dogara da shi, sau da yawa ba ya buɗe ƙofarmu. Dole mu haɗa shaidu da yawa, zare da ƙyalli da kafaɗar fok da sunan gari, mu ce keken nan tsakanin shekara kaza da kaza yake. Mai gaskiya tazara yake bayarwa. Mai yanka shekara ɗaya cur ba tare da ya nuna inda ya karanto ta ba, talla yake yi.

Ƙananan abubuwa kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Feda mai ɗan madubin roba ruwan lemo, noti mai roba a ciki, ƙusa mai ramin kusurwa shida, bawul irin na mota a maimakon siririn bawul na Dunlop mai 'yar roba, duk 'yan baya ne. Sanda biyu a saman firam ba alamar tsufa ba ce, har gobe ana ƙera irinsa don masu dakon kaya. Sirdin da aka rubuta wa Brooks, kamfanin Birmingham da ya faro tun 1866, a duba fatar: ta asali kauri gare ta, guda ɗaya ce a miƙe kan ƙarfe, ba leda da soso ba.

Wanda ya biyo ni zuwa nan zai zaci ina kira ne a koma tafarkin masu littafin talla, waɗanda burinsu keke ya koma daidai yadda ya fito daga masana'anta, kowace ƙusa ta zama ta shekararta. A Ingila suna da ƙungiya, Veteran-Cycle Club, wadda ta samo asali tun 1955, da masana da kowane ya ƙware a kan kamfani guda. Iliminsu nake aro tun ɗazu, kuma da yawansu sun riga sun dawo daga rakiyar sabon fenti, sun gwammace a goge da tsumma mai mai a bar abu da tsufansa. Amma ma'auninsu, in aka ɗora shi a kan kekenmu yadda yake, shi ma yana da tasa ɓarnar. Ranar da keke ya fito daga Nottingham ita ce rana mafi ƙarancin labari a rayuwarsa. Labarin yana cikin shekara hamsin da ya yi yana ɗaukar buhun gyaɗa da tallar yadi da littattafan malam da mai naƙuda zuwa asibiti. Kamfanin da kansa, a shahararren hoton tallarsa na Afirka, mutum ya zana a kan keke yana dariya zaki na bin sa bai cim masa ba. A nan ɗan Afirka ya tsaya a tarihin da aka rubuta: mai saye, mai hawa. Wanda ya riƙe keken da rai bayan kanti ya daina kawo kayan gyara, ba a zana shi ba.

An taɓa kirana wani gida a nan garin in ga keken da magada suka rasa yadda za su yi da shi. A cikin ɗaki aka ajiye shi shekara da shekaru, an rataye a bango, shi ya sa ya tsira. Iyalin sun ce kakansu ne ya zo da shi daga Arewa ta Kamaru. Firam baƙi ne, kafaɗar fok irin ta Raleigh, kan keken kuma nikel ne da ya dusashe, abin da ke nuna tsufa na gaske. Amma hannun feda na hagu na Faransa ne, da fedarsa ta Faransa, an sa shi a kan sandar Ingila, an cike ɗan gibin da yankin gwangwanin kifi. Kariyar baya maƙeri ne ya buga ta da rodi, ta ninka ta kamfani ƙarfi. Sirdin kuwa ƙarfen na asali ne, fatar ce ta mutu, baduku ya sake lulluɓe shi da jar fata, ya yi masa ɗinki irin na gafaka.

Mai injin gurza zai cire duk waɗannan ya zuba na Indiya masu sheƙi. Mai littafin talla zai cire su ya nemo na Ingila na shekarar. Su biyun a kwandon shara ɗaya za su zuba abin da ya fi komai daraja a jikin keken. Hannun fedar nan na hagu shi ne takardar shaidar tafiya: ya nuna an sayi keken inda kayan Ingila suke, ya karye a inda sai na Faransa ake samu, aka kuma sami mai dabara ya aurar da su. Maganar iyalin ba ta da takarda, amma ga ƙarfe ya goyi bayanta. Kuma a lura, ba mai iya karanta wannan sai wanda ya san yadda na asalin ya kamata ya kasance. Amfanin sanin kayan asali a wurinmu ke nan, ka gane baƙo a cikinsu, ka tambaye shi daga ina ya zo.

Ba kowane gyara ne tarihi ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Ƙararrawar roba da jika ya ɗaura shekara biyar da suka wuce, a cire ta ba a yi asarar komai ba. Waldar da aka yi wa firam a karkace har keke na tafiya kamar kaguwa, cuta ce, a nemi mai gyara ta. Hukunci ake buƙata, shi ne kuma babu a bidiyoyin nan, don komai hukuncinsa ɗaya a wurinsu, a gurje. Tambayar da ta kamata a yi wa kowane ƙarfe ita ce, shin yana faɗin wani abu game da wanda ya hau keken, ko inda keken ya bi? In yana faɗa, a bar shi. In dole sai an cire don a iya hawa, a sa shi a jaka, a rubuta daga inda aka cire shi, jakar ta bi keken duk inda ya je.

Abin da ke cinyewa da amfani kuwa ba a jayayya a kansa. Taya da tif da robar birki da boris da sarƙar da ta miƙe, a sauya. Sa'ar da aka yi ita ce awon tayar nan ta inci 28 mai faɗin inci ɗaya da rabi, wadda Faransawa ke kira 700B, har yanzu ana yin ta saboda kekunan Sin da Indiya. Wato masu kwaikwayon nan da ake zagi su ne suka hana na asalin mutuwa. A dai kula, akwai wata tayar da ita ma ake kira 28, ta kekunan zamani, wadda ta fi ƙanƙanta da milimita 13, ba za ta hau tsohon wili ba ko an yi ta dambe da ita. Mai niyyar hawa a titin Libreville kuma ya sani birkin sanda a kan jiƙaƙƙen wilin ƙarfe sai a hankali, ga gangara ga ruwa, kada son tarihi ya kai mutum asibiti.

Sauran aikin haƙuri ne, shi ya sa ba ya kyau a bidiyo. Kananzir da tsohon buroshin haƙori, soson ƙarfe mai laushi da ɗan mai, a bi tsatsa sannu-sannu har a ga abin da ke ƙarƙashinta. Notin da ya ƙi kwancewa a jiƙa shi da mai a ba shi kwana uku, kada a sa masa guduma. Sufanar milimita ba ta zama daidai a kan notin Ingila na da, tana cinye kusurwa. Gara a nemi tsohuwar sufanar keke mai ramuka da yawa, wadda har yanzu akan samu a akwatin dattawan masu faci. Fatar sirdi kuma ba ta son a yi mata wanka da mai, kaɗan ake shafawa, in ya yi yawa ta saki ta lotse. A nan garin, bayan an gama, a shafe ƙarfen da mai ko kakin zuma a ajiye a ɗaki, nesa da iskar teku.

Da masu bidiyon nan za su ji shawara, da sun rage kiɗa sun sa murya. A haska tambari a karanta garin, a haska lambar firam, a nuna cibiya, a ce wannan na asali ne, wannan na Indiya ne na sa don ban samu ba, wannan kuma aikin wani maƙeri ne na bar shi. A zaunar da dattijon da aka sayi keken a hannunsa ya faɗi wa ya saya, a wane kanti, da kuɗin gyaɗa ko na goro, ina da ina ya je da shi. A matsayina na mai aikin rediyo, wannan muryar nake jin zafin rashinta fiye da komai, don masu ita suna ƙarewa, 'yan jari-bola kuma ba sa hutu. Abin da mai gurza bai samu ba, sikeli ke samu.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da nake roƙon duk mai gyara ya duba kafin ya taɓa komai. A zamanin En'e keke yana da lasin, ana biya a ba mutum 'yar lamba ya ɗaura a jiki, kamar yadda Faransa ma ta sa wa keke haraji tun 1893. Wasu tsofaffin kekuna har yau suna ɗauke da irin wannan lamba, a maƙale a wuya ko a cibiyar gaba, ta yi baƙi ta lanƙwashe, mai gani zai ce yankin gwangwani ne. A cikin bidiyon da aka turo mini kwanan baya, na ga hannu ya sa filaya ya fizge wata irinta ya yar a ƙasa tun kafin a fara aiki. Na tsayar da hoton na ƙara girmansa, ana iya hango alamar rubutu a jikinta, amma kyamarar ta riga ta koma kan gwangwanin fenti.